Baje Kolin Legas: Kafin Ka Kama Ɗaki, Ka Tambayi Gada

A duk shekara idan ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, hankalin wasu daga cikin ƴan kasuwarmu na bakin iyaka yakan koma Kurmi, domin a ranar Juma'ar farko ta watan Nuwamba ne ake buɗe babbar kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a birnin Legas, wadda ake shafe kwana 10 cur ana ci. An fara cin wannan kasuwa ne a 1977, sannan daga 1986 shirya ta ya koma hannun ƙungiyar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta Legas, wato LCCI, wadda ita kanta an kafa ta tun 1888. Ban da rumfunan kaya, kusan kullum akwai zaman tattaunawa, inda bankuna da kamfanoni da hukumomin gwamnati ke ware ranakunsu don ganawa da ƴan kasuwa. Saboda irin wannan zama ne ma wasu ke yin tattakin, ba don su kasa kaya ba.

Mutumin Maraɗi ko Ƙonni ko Jibiya ko Maigatari ba baƙon tafiya ba ne. Ya san kuɗin mota, ya san abin da zai ware saboda shingayen hanya, ya san canjin ranar. Amma mun lura akwai wuri ɗaya da lissafin da yawa daga cikinmu ke karyewa, shi ne wurin kwana. Mutum zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya sauka a tasha da asuba a gajiye, ɗan kamasho ya ja shi zuwa wani otal, ya ji kuɗin da sauƙi ya biya na mako guda. Sai gari ya waye ya gane ashe tsakaninsa da wurin taron akwai awa 2 ko 3 na cunkoson motoci. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna a kan batun tun da sauran lokaci.

Wuri biyu, suna ɗaya

Abin da za a fara kiyayewa shi ne a Legas akwai wuri biyu da ake dangantawa da baje koli, kuma tsakaninsu da rata. Na farko shi ne tsohon filin da aka gina don bikin 1977, a kan babbar hanyar Badagiri, wajen Ojo. Har gobe idan ka ce wa direban Legas ya kai ka "Trade Fair", can zai nufa da kai, domin sunan ya zama na unguwa da tashar mota, wurin kuwa ya cika da shagunan kayan gyaran mota da na kwalliya. Na biyu shi ne dandalin Tafawa Ɓalewa da ke cikin tsibirin Legas, wanda kowa ke kira TBS, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun ƴancin Najeriya ranar 1 ga Oktoban 1960. A nan ne aka ci kasuwar ta LCCI a 2023 da 2024 da 2025.

Ba ƙaramin tarko ba ne wannan, musamman yanzu da yaranmu ke nema mana ɗaki ta wayar hannu. Yaro zai rubuta sunan baje koli a intanet, a jero masa otal-otal masu sauƙin kuɗi a Festac da Satellite Town da Ojo, ya zaɓi ɗaya yana murna ya samo wa Alhaji ɗaki a bakin kasuwa, alhali ya ajiye shi a wani ɓangaren gari dabam. Don haka a duba takardar gayyata da kyau, a ga sunan filin da aka rubuta na wannan shekarar, da shi kuma za a yi neman masauki.

Gada uku

Wanda bai san Ikko ba sai ya ɗauka nisa da kilomita ake auna shi. A can da gada ake aunawa. Tsibirin da TBS yake gada uku ce ta haɗa shi da sauran gari: gadar Kata wadda ta taso daga Iddo, ita ce mafi tsufa, an fara gina ta tun 1901, gadar Eko wadda ke ɗauko mutanen Surulere da Ijora, sai gada ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990. Da safe duk garin tsibiri yake nufa, da yamma kuma duk fita yake yi. Wanda ya kwana a bayan gada, tare da wannan taron zai shiga, tare da shi zai fita, kullum.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce awa 2 kake yi da safe, awa 3 da yamma. Awa 5 ke nan a rana, a kwana 10 ya zama awa 50, wato ka kashe fiye da kwana 2 na tafiyarka a zaune cikin mota. Idan rumfa gare ka, ka buɗe a makare ka rufe da wuri. Idan kuwa alkawari ka yi da wakilin wani kamfani ƙarfe 10 na safe ka iso ƙarfe 12, to shi ba zai jira ka ba, wani zai ba wakilcin yankin da ka zo nema. Ranar da ka makara ka ce bari ka ɗauki tasi ta waya, kuɗin zuwa ɗaya kawai na iya cinye ragin da ka samu a kan ɗakin. Ga kuma fitar duhun asuba, lokacin da ɓarayin nan masu shiga motar haya kamar fasinjoji, waɗanda ƴan Legas ke kira wan-cans, suka fi yin ta'adi. Araha dai ba ta ado.

Kada kuma a sa rai da kabu-kabu kamar yadda muka saba a gida. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, ciki har da tsibirin Legas da Surulere da Ikeja da Apapa, daga baya aka ƙara wasu, kuma dokar ba ta bar fasinja ba.

Sai dai a ƴan shekarun nan an samu sauƙi ta wasu hanyoyi, wanda ya kamata a saka cikin lissafi. Dogayen motocin BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008, suna da layinsu na kansu a mafi yawan hanyar da ta taso daga Ikorodu ta bi ta Mil 12 da Ketu da Ojota, kuma suna da tasha a nan bakin TBS. A watan Satumban 2023 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila tsakanin Mil 2 da Marina, tafiyar kilomita 13, daga tashar Marina kuwa zuwa dandalin ba wani nisa ba ne. A watan Oktoban 2024 wani layin ya fara aiki daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Shi wannan bai tsallaka tsibiri ba, sai an ƙarasa da mota, kuma a tambayi lokutan tashinsa kafin a dogara da shi. Duka da katin Cowry ake biya, wanda ake saye a zuba masa kuɗi a tasha. Abin da muke nufi a nan shi ne, ɗakin da ke nesa amma yana dab da tashar jirgi ko ta BRT ya fi wanda ake ganin kusa ne amma sai an hau danfo biyu kafin a kai.

To ina za a sauka?

Idan kwana 2 ko 3 kawai za ka yi, ka halarci zaman da ya kai ka, ka zagaya rumfuna, ka karɓi lambobin waya, a ganinmu ka daure ka kwana a tsallaken gada. Ba muna nufin manyan otal-otal na Ikoyi da tsibirin Biktoriya ba, waɗanda kuɗin darensu ɗaya zai kai ka gida ya dawo da kai. Akwai ƙananan masaukai a Obalende da lungunan tsibirin Legas, inda mutum zai iya takawa da ƙafa ko ya hau mota sau ɗaya. Obalende unguwa ce da Hausawa suka daɗe a cikinta, ba za ka rasa masallaci da mai shayi da mai tsire ba, ba kuma za ka rasa wanda zai ji maganarka ba. Ga kasuwannin Balogun da Idumota a kusa, ga babban masallacin Juma'a na titin Nnamdi Azikiwe. Aibin wurin shi ne hayaniya, ɗakunan ƙanana ne, wasu gine-ginen sun tsufa, kuma da zarar kasuwa ta buɗe sukan cika.

Wanda zai yi kwana 10, ko ma 12 da ranakun kafa rumfa, shi ne ya kamata ya duba Ebute Metta da Yaba da Surulere. Suna bayan gada, amma a bakinta suke, ɗakunansu sun fi na tsibiri sauƙi da yalwa. Idi-Araba ma, inda mutanenmu ke da yawa kusa da asibitin koyarwa na jami'ar Legas, tana cikin wannan sahu.

Agege da Mil 12 kuwa, nan ne zuciyar da yawa daga cikinmu ke karkata, kuma da dalili. Zangon Agege ya kafu ne a kan cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa, Mil 12 kuma ita ce masaukin albasa da tattasai da tumatir. Duk wanda ya taɓa kai kaya Kurmi yana da wani nasa a ɗaya daga cikinsu. Amma daga nan zuwa TBS tafiya ce ta gaske.

Fatoma da otal

Wannan ya kawo mu ga tsohuwar hanyarmu. Kakanninmu fatake ba su san otal ba, fatoma suka sani, wato maigidan da ke saukar da baƙo a zango, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan wata rigima ta taso. Ba a biyan kuɗin ɗaki, amma kowa ya san inda maigida ke fanshewa: la'adar cinikin da ya bi ta hannunsa. Tsarin yana nan da ransa a wuraren ƴan goro da ƴan dabbobi da ƴan gwari, kuma ba mu ga otal ɗin da zai yi maka rabin abin da maigida nagari ke yi ba. Otal ba zai bi ka caji ofis ba.

Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya. Idan ba kaya ka kawo masa ba, taro ka zo, to nauyi ka ɗora masa, kuma kwana 10 ba kwana ɗaya ba ne. Tsarabar da za ka riƙo, da ɗan abin da za ka miƙa wa mutanen gida ranar tafiya, da kuɗin motar kullum, idan ka tara su ba lallai su gaza kuɗin ƙaramin otal a Yaba ba. Sannan ɗakin baƙi na zango ɗakin kowa ne: mutum 6 ko 7 a kan tabarma, ana rububin wurin cajin waya, wanka sai an bi layi. Ga ɗan kasuwar da ya zo sauke buhu ba komai ba ne. Ga wanda zai zauna gaban manajan banki da safe, yana buƙatar barci da gogaggiyar riga. Shawararmu ita ce a raba: a je a gaida maigida ranar da aka sauka, a bar manyan kaya a hannunsa, a nemi ya haɗa ka da yaro wanda ya san gari, kwana kuwa a yi shi kusa da wurin taro. Ba zai ji haushi ba idan aka yi masa bayani, ya fi ka sanin halin hanyar.

Kuɗin allo da kuɗin rasit

Idan an shiga otal, kuɗin da aka rubuta a allo ba lallai shi za a biya ba. A Najeriya akwai harajin VAT, wanda ƴan Nijar suka sani da TVA, kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Jihar Legas ta yi dokarta a 2009 ta harajin kashi 5 a kan kwanan otal da abincin da aka ci a ciki. Wasu otal ɗin kuma sukan ɗora kashi 10 da sunan kuɗin hidima. A ce, alal misali, ɗakin naira 20,000 ne. Idan duka ukun suka hau kansa ya koma wajen 24,500, a kwana 10 kuwa bambancin ya kai 45,000, kuɗin kwana 2 da ɗoriya. Ƙananan masaukai galibi kuɗi ɗaya suke faɗa dunƙule, matsakaitan ne ke da wannan ɗabi'a. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama kafin a ciro kuɗi: nawa zan biya gaba ɗaya, ba sauran komai?

Ana kuma tayawa. Mu da muke taya buhun gero da turmin atamfa, ba mu san abin da ke sa mu jin nauyin taya ɗaki ba da zarar mun ga kanta da yarinya mai kwamfuta. Wanda zai yi mako guda yana da bakin neman ragi, wanda ya zo da mutum 8 ya fi shi. A nemi manaja, domin yaron kanta ba shi da ikon sallamawa. Amma ko an sallama, kada a biya duka a tashi ɗaya. A biya dare ɗaya ko biyu a gani, domin kuɗin da ya shiga aljihun otal da wuya ya fito.

Abin da za a gani a daren farko kuwa shi ne wuta. Kuɗin ɗaki a Legas rabinsa labarin lantarki ne. A watan Afrilun 2024 an ninka kuɗin wuta fiye da sau 3 ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, man janareta kuma ba araha, saboda haka otal mai sauƙin kuɗi ta nan yake tsimi. Wani sai ƙarfe 7 na yamma yake tada inji, ya kashe da tsakar dare ko da asuba. Wani injin nasa fanka kawai yake ɗauka, na'urar sanyaya ɗakin da ka biya kuɗinta sai in wutar gwamnati ta zo. Nuwamban Legas ba irin namu ba ne da iskar hunturu ta fara kaɗawa, zafi ne mai gumi, ga sauro. Idan haka ne, gara ka kama ɗakin fanka mai taga, ka riƙe sauran kuɗinka.

Wa zai gaya maka duk wannan? Maigadi. Sau da yawa wanda ke bakin ƙofar otal ko gidan da ke maƙwabtaka da shi ɗan ci-rani ne daga cikinmu, wataƙila ma daga Tawa ko Sakkwato. Ka yi masa sallama ku gaisa, ka tambaye shi ƙarfe nawa ake kashe inji, ko ruwa na hawa sama, ko an taɓa yi wa baƙo sata, wane ɗaki ne ke nesa da janareta. A minti 5 zai ba ka labarin da ba ya cikin kowace waya. Shi ne kuma zai gaya maka ko wurin na kwana ne ko na sheƙe aya, domin yawancin masaukai mafi araha da mashaya da ɗakunan awa-awa suke rayuwa, kiɗa har ƙarfe 3 na dare. Dattijo mai mutunci, balle Hajiyar da ta zo da turare ko kilishi, bai kamata a gan su a irin wannan wuri ba, kuma nan ne ƴan sanda suka fi kai samame.

Kuɗi da takardu

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, mai riƙe da sefa yakan ga kamar komai na Najeriya ya yi araha. Kada wannan ya ruɗe mu, domin kuɗin ɗaki da na mota da na abinci su ma sun yi ta hawa. Farashin da wani ya gaya maka na bara, ka ɗauke shi labari, ka buga waya ka ji na bana. Kada kuma a tura kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum don kawai an ga hotunan ɗaki masu kyau a Facebook ko WhatsApp. Idan dole sai an kama wuri tun daga gida, a sa wani nasu da ke Legas ya taka ya gani da idonsa, ya biya a kanta, ya karɓi rasit mai sunan otal ɗin. Uwar kuɗi kuwa ba a kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ta zauna a banki ko a hannun maigida, a riƙe na kashewa kawai.

Otal na kirki zai nemi katin shaida kafin ya ba da makulli. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan waɗannan ƙasashe masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar su su shiga ba biza har sai an sanar da wani abu dabam. Duk da haka a tabbatar a bakin iyaka kafin a tashi, a sa a buga hatimin shiga, a kuma riƙe takardar gayyata ko katin ƙungiyar ƴan kasuwa a jiki, a bar kwafinsu a cikin jaka.

Masu tafiya a ƙungiya, musamman mata, suna da wata dama da ta yawaita a Legas a shekarun nan, wato gidajen haya na ƴan kwanaki, masu ɗaki 2 ko 3 da falo da kicin. Idan mutum 6 suka raba kuɗin yakan zo daidai da na ƙaramin otal ko ƙasa da haka, ga damar dafa abin da aka saba ci, ga wurin ajiye kwalaye, abin da otal da yawa ba sa yarda da shi. Sai dai masu irin waɗannan gidaje suna karɓar wani kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna, wanda ake mayarwa ranar fita. A zagaya gidan tare da mai shi ranar shiga, a ɗauki hoton duk abin da aka tarar a fashe, a kuma rubuta ranar da za a mayar da kuɗin.

Sai maganar agogo, wadda ke cin mutanenmu kuɗin dare 2 a banza. A yawancin otal ƙarfe 12 na rana kwana ke ƙarewa. Motocin Arewa kuwa da asuba suke shiga Iddo da Ijora da Agege, da yamma kuma suke tashi. Wanda ya karɓi makulli ƙarfe 5 na asuba ana iya lissafa masa daren da ya wuce, wanda kuma ya bar kayansa a ɗaki ranar Lahadin rufe kasuwa har la'asar an shiga da shi sabon kwana. Tun ranar da ake ciniki da manaja za a gama wannan magana: ƙarfe nawa zan shiga, ƙarfe nawa zan fita, za ku ajiye mini jaka a kanta har motata ta tashi? Abin da aka amince a kai, a sa ya rubuta shi a bayan rasit ya sa hannu.